Yadda ake zaɓar fiffiken injin haɗa abincin kaji

Kafin a sayi injin haɗa abincin kaji, ko a ba mai walda aikin ƙera shi, a fara duba fiffiken da ke cikinsa, wato ƙarfen da ke juyawa yana cakuɗa kayan, domin shi ne ke yanke ko firimis (haɗin bitamin da ma’adanai) da gishiri za su bazu cikin kowane buhu ko kuwa su taru a wuri ɗaya. Barzajjiyar masara da waken soya da dusa da garin ƙashi ba girmansu ɗaya ba, ba nauyinsu ɗaya ba, kuma da zarar an motsa su sai ƙananan ƙwayoyin su riƙa zurarewa ƙasa ta tsakanin manyan.

Idan kayan busassu ne, a nemi injin kwance mai murɗaɗɗen ƙarfe biyu a jikin sandar tsakiya. Na waje yana tura kayan zuwa gefe ɗaya, na ciki yana mayar da su ɗaya gefen, kuma wannan saɓanin ne ke cakuɗa su. Idan maƙeri ya murɗa su duka ta fuska ɗaya, kayan za su taru a ƙarshen kwamin injin, wato mazubin kayan, kawai. A zuba kaya har su kusa rufe ƙarfen na waje, domin idan an cika fiye da haka na sama ba ya motsi sosai.

Idan za a zuba mai, ko kuma ana haɗa kaɗan-kaɗan, fiffike mai faɗi kamar filafilin kwalekwale ya fi dacewa, saboda yana ɗaga kayan yana watsa su, kuma ya fi sauƙin gogewa. A karkata kowanne wajen digiri 45, domin wanda aka miƙar sosai ɗagawa kawai yake yi, ba ya tura kayan gefe.

Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne ratar da ke tsakanin bakin fiffike da ƙasan kwami. Kada ta wuce ’yan milimitoci, domin a nan garin ƙashi da firimis ke kwanciya, kuma ratar tana ƙaruwa yayin da ƙarfen ke cinyewa.

Don gwaji, a ɗebi samfuri 10 daga farkon juye abincin daga injin zuwa ƙarshe, a kai ɗakin gwaji a auna gishirinsu. Masu sana’ar suna son bambancin gishirin tsakanin samfuran ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Idan ya haura, a duba fiffiken tukuna kafin a ƙara lokacin juyawa.