Yadda ake gane ma'anar blizzard da yadda ake amfani da ita

Mai karanta labaran hunturun Amurka ko Kanada ba zai rasa cin karo da kalmar blizzard ba, kuma da yawa suna ɗaukar ta a matsayin dusar ƙanƙara mai yawa kawai. Iska ce ke mayar da dusar ƙanƙara blizzard, da yadda take rufe wa mutum gani. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta gindaya sharuɗɗa uku: iska ta kai gudun mil 35 a awa, kusan kilomita 56, dusar da ke sauka ko wadda iska ke kwasa ta hana hango abin da ya wuce mita 400, kuma a shafe awa 3 ko fiye a haka. Tsananin sanyi da zurfin dusar ba sa cikin lissafin. A mafi yawan sassan Kanada, iskar kilomita 40 a awa ta isa, amma sai an yi awa 4.

Shi ya sa ake iya samun blizzard ko ɗigon dusa bai sauko ba. Iska ce ke tayar da wadda ta riga ta kwanta a ƙasa, Turawa su ce ground blizzard. Kamar ƙurar da ke tasowa gaban hadari ce, sai dai wannan fara ce fat, direba ba ya ganin ko fitilar motar da ke gabansa.

Wajen rubutu, z biyu ake sa mata. Wajen furtawa, nauyin murya na kan gaɓar farko, "bliz". Suna ce da ake ƙirgawa: a blizzard idan ɗaya ce, blizzards idan da yawa. Wanda ta rutsa da shi a hanya, caught in a blizzard ake cewa. Ana kuma aron ta ga abin da ya yi wa mutum rubdugu, kamar a blizzard of questions, wato tambayoyi ta ko'ina. Zubar dusa ba tare da wannan iska ba snowstorm ce, yayyafinta kuwa flurry.

Masu fassara su kula sosai a nan. "Ruwan ƙanƙara" kuskure ne, don Bahaushe zai ɗauka ƙanƙarar damina ce mai fasa ganyen dawa, wadda a Turanci hail ce. "Guguwar dusar ƙanƙara" ta fi dacewa, domin ta riƙe iskar. A jaridun Amurka na shekarun 1870 kalmar ta samu wannan ma'ana, kuma ta ƙara kafuwa bayan guguwar Maris 1888 da ta kashe mutum sama da 400 a arewa maso gabashin Amurka, ciki har da New York.

Ga mazauna can, in saƙon blizzard warning ya shigo waya, nufinsa an soma ko ana dab da somawa, don haka a zauna a gida. Wanda ta tare a mota kada ya fita da ƙafa neman taimako, ɓacewa zai yi ko da gida na kusa. Ya kunna inji minti 10 a kowace awa don ɗumi, ya ɗan sauke gilashi, amma kafin kowace kunnawa ya share dusar da ta toshe salansa. In salansa ta toshe, hayaƙin mai guba cikin mota yake dawowa, ba shi da wari, mutum barci zai ji yana ɗibarsa. A guguwar da ta afka wa birnin Buffalo na jihar New York a Disamba 2022 mutum fiye da 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi bayan sun bar motar.