Yadda Ake Gyara Wayar Iyafis Da Ta Tsinke A Gida

Mafi yawan iyafis da hedifon da ake jefarwa ba lasifikarsu ce ta mutu ba, wayarsu ce ta tsinke ta ciki a wuri guda, yayin da robar waje take nan lafiya lau ba ta nuna komai. Alamar da kowa ya sani ita ce kunne ɗaya ya ɗauke, sai an lanƙwasa wayar ko an danne gindin fulogin da yatsa sannan sautin ya dawo, da an saki kuma ya sake tafiya. Irin wannan matsala tana gyaruwa a gida cikin ƙasa da sa'a guda, matuƙar an gano ainihin wurin tsinkewar kuma an fahimci irin wayoyin da ke ciki, domin sun bambanta da wayar lantarki da aka saba murɗewa a naɗe da tef.

Kafin a ɗauki reza, wajibi ne a tabbatar cewa laifin na iyafis ɗin ne. A jona shi a wata salula ko rediyo ko kwamfuta, a kuma jona wani lafiyayyen iyafis a salular farko. Sau da yawa ƙura da zaren aljihu ne suke taruwa a cikin ramin salular su hana fulogin shiga har ƙarshe, kuma tsinken sakace ya isa a fitar da su a hankali bayan an kashe salular. Idan an yi wannan gwaji matsalar ta ci gaba da bin iyafis ɗin duk inda aka jona shi, to wayarsa ce.

Daga nan sai a kunna karatu ko waƙa da matsakaicin sauti, a sa iyafis ɗin a kunne, a riƙa bin wayar da babban yatsa da manuniya tun daga fulogi har zuwa kunnuwa, ana ɗan lanƙwasa ta a kowane taƙi. Wurin da sautin ya dawo ko ya yi ƙaraf-ƙaraf, nan ne tsinkewar take, sai a sa masa alama da ɗan tef. Galibi a gindin fulogi ake samun ta, domin nan ne wayar take shan lanƙwasa duk lokacin da salula take cikin aljihu, sai kuma mararrabar da waya ta rabu biyu, da gefen akwatin madannai, da kuma daidai inda waya ta shiga kunne. Yanayin sautin ma yana taimakawa wajen gane wadda ta tsinke. Idan kunne ɗaya ya yi shiru gaba ɗaya, wayar wannan ɓangaren ce. Idan kunnuwan biyu suna aiki amma muryar mai magana ta dusashe ta koma nesa, kiɗa kuma ya rage ba nauyi, wayar tarayya ce, wato wadda kunnuwan biyu suke amfani da ita tare. Idan kuwa waƙa tana tsayawa da kanta ko kira yana katsewa ba tare da an taɓa komai ba, to wayar makirufo ce take taɓa wayar tarayya, salular kuma tana ɗauka an danna maɓalli.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar ƙarfen narka dalma mai siririn baki, mai ƙarfin wat 25 zuwa 30, da siririyar dalma mai ƙaro a cikinta, da reza, da almakashi, da laita, da sabon fulogi mai milimita 3.5 wanda ake kwance murfinsa, da bututun roba mai tsukewa idan ya ji zafi. Mitar gwaji, wato na'urar auna lantarki da masu gyaran rediyo suke amfani da ita, ba dole ba ce, amma tana rage wahala ƙwarai. Duk waɗannan ana samunsu a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da salula. Inda wutar lantarki ba ta zama, ƙaramin ƙarfen dalma mai aiki da batir ko gas ya wadatar, amma babban ƙarfen da ake ɗorawa a garwashi bakinsa ya yi kauri ga wannan aiki, kuma zai narkar da fulogin kafin a gama.

Wajen sayen fulogi a ƙirga zobban roba da ke jikin tsohon. Mai zobba biyu yana da sassan ƙarfe uku: tsinin na kunnen hagu ne, na tsakiya na kunnen dama, na gindi kuma na wayar tarayya. Mai zobba uku yana da sassa huɗu saboda makirufo, kuma a tsarin CTIA, wanda kusan duk salular zamani take bi, jerin daga tsini shi ne hagu, dama, tarayya, sannan makirufo a gindi. Akwai tsohon tsari na OMTP da tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson suka yi amfani da shi, wanda a cikinsa makirufo da tarayya suka yi musayar wuri. Wanda bai damu da makirufo ba yana iya sa fulogi mai zobba biyu ya bar wayar makirufon a rufe, aikin zai fi sauƙi, sai dai madannan ba za su ƙara aiki ba.

Idan tsinkewar a gindin fulogi take, a yanke wayar kimanin santimita 2 zuwa 3 sama da alamar da aka sa, domin zaren tagullar da ke kusa da wurin ma ya riga ya gaji. Kada a jefar da tsohon fulogin tukuna, domin idan aka fere robarsa za a ga wace waya ce take manne da wane sashe. Abu na gaba, wanda mutane da dama sukan manta sai bayan sun gama liƙi, shi ne zura murfin sabon fulogin da guntun bututun roba a jikin wayar tun yanzu, a tura su baya. Wanda ya manta da wannan dole ya warware duk abin da ya haɗa. Sannan a zagaya robar waje da reza a hankali, kimanin santimita 1.5 daga baki, ba tare da dannawa ba, a lanƙwasa ta har ta tsage da kanta a zare ta.

A ciki za a ga ƙananan wayoyi uku zuwa shida masu launi, kowacce tarin zaren tagulla ne sirara ƙwarai da aka murɗe tare da wani farin zare na nailan da ke ba ta ƙarfi. A nan ne mafi yawan gyaran gida yake lalacewa. Launin da ake gani, ja ko kore ko shuɗi, ba launin ƙarfen ba ne, wani siririn shafi ne kamar jan farce da aka lulluɓe kowane zare da shi domin ya hana wuta wucewa, kuma hatta wadda take da launin tagulla zalla galibi tana ɗauke da irin wannan shafi marar launi. Shi ya sa wayoyin suke kwance a jikin juna ba tare da sun haɗu ba, shi ya sa kuma wanda ya murɗe su da hannu ya naɗe da tef ba ya jin komai, sai ya ɗauka iyafis ɗin ya mutu alhali shafin ne bai cire ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita wajen cire shafin ita ce ta dalma. A bar ƙarfen ya yi zafi sosai, a narka ɗan ƙwallon dalma a bakinsa, a tsoma milimita 2 zuwa 3 na bakin wayar a cikin ƙwallon, a riƙe na wasu daƙiƙu ana ƙara sabuwar dalma kaɗan-kaɗan. Za a ga ɗan hayaƙi ya tashi, wani baƙin datti ya taso saman ƙwallon, idan aka janye wayar kuma bakinta ya koma fari mai sheƙi, dalma ta kama shi ta ko'ina. Idan dalmar ta dunƙule ta zame ta bar wayar da launinta, shafin bai ƙone ba, sai a goge bakin ƙarfen a jiƙaƙƙen soso a sake. Wasu suna amfani da laita, kuma tana aiki, amma harshen wutar yana bin zaren nailan da gudu ya ƙone fiye da inda ake so, ya kuma bar tagullar da baƙin tabo da dalma ba ta kamawa sai an kankare shi da bayan reza. Wanda zai bi wannan hanya ya riƙe wayar da filaya daidai inda yake so wutar ta tsaya, ya taɓa harshen wutar sau ɗaya ya janye.

Bayan an shirya bakin kowace waya sai a tantance su, kuma a nan ba a dogara da launi kaɗai. A mafi yawan iyafis ja na dama ne, kore ko shuɗi na hagu, mai launin tagulla kuma ita ce ta tarayya, amma kamfanoni ba su da doka guda a kan wannan. Idan akwai mita, a sa ta a ma'aunin om 200. Tsakanin wayar kunne ɗaya da ta tarayya za a ga kimanin om 16 zuwa 32 a iyafis na yau da kullum, tsakanin hagu da dama kuma kusan ninkin wannan, domin wutar tana ratsa lasifika biyu. Wayar makirufo ba ta nuna irin wannan ƙaramar lamba da kowace. Idan babu mita, batirin AA mai bolt 1.5 ya isa: a ɗora waya ɗaya a gindinsa, a taɓa ɗayar a kansa taɓawa ɗaya, kunnen da ya yi ƙas shi ne na waɗannan wayoyi biyu. Kada a bar su a manne da batirin, taɓawa kawai ake so. Idan aka sami wayoyin tarayya biyu, ɗaya ta kowane kunne, sai a haɗe su wuri guda.

Sauran aikin gajere ne amma yana son nutsuwa. A kama fulogin da filaya da aka ɗaure hannunta da roba, ko da maƙalin shanya, domin ƙarfen yana ɗaukar zafi nan da nan, kuma kada a yi liƙi fulogin yana jone a salula. A sa ɗan dalma a kowace ƙafa ta fulogin tukuna, sannan a ɗora bakin wayar a kanta a taɓa da ƙarfen na daƙiƙa biyu ko uku, a janye ƙarfen a riƙe wayar ba motsi har dalmar ta daskare. Idan aka daɗe fiye da haka, robar da ta raba sassan fulogin za ta narke su haɗu ta ciki, kuma wannan ba ya gyaruwa sai da wani fulogin. Ya fi sauƙi a fara da ƙafar da take can ciki a ƙare da ta waje. Dalma mai gubar darma ta fi saurin narkewa, a wajen digiri 183 zuwa 190 a ma'aunin Celsius, amma dole a yi aikin a wuri mai iska, kada a riƙe ta da baki, a nisanta yara, a kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Kafin a rufe komai a jona a gwada. A duba hagu da dama da faifan gwajin sauti ko ta ma'aunin daidaita kunnuwa da ke cikin saitin salula, a yi rikodin murya don gwada makirufo, a kuma girgiza wayar a ji ko sautin zai yanke. Idan komai ya yi, sai a matse haƙoran ƙarfen da ke gindin fulogin a kan robar waje ta wayar, ba a kan ƙananan wayoyin ba, domin su ne za su ɗauki nauyin kowane fizga. A jawo bututun roba ya rufe wurin, a gasa shi da laita daga ɗan nesa ana juyawa har ya tsuke, sannan a ɗaura murfin. Ina ganin wannan mataki ya kai liƙin muhimmanci, domin gyaran da ba a ƙarfafa gindinsa ba zai sake tsinkewa a wurin da ya tsinke da farko. Ɗan sifirin da ke cikin biro mai dannawa, idan aka naɗa shi a gindin fulogin, yana hana wayar karyewa a wuri guda.

Idan a tsakiyar waya tsinkewar take, tsarin ɗaya ne, sai dai a yanke ɓangaren da ya lalace a haɗa kowace waya da 'yar'uwarta mai launi ɗaya. Yana da kyau a bambanta tsawonsu ta yadda mahaɗan ba za su zo daidai da juna ba, a rufe kowace mahaɗa ita kaɗai, sannan a lulluɓe duka da babban bututu da aka zura tun farko. Tsinkewar da take a bakin kunne kuma tana buƙatar buɗe kunnen. A manyan hedifon sukurori ne a ƙarƙashin soson, a ƙananan iyafis kuwa gam ne ya riƙe shi, kuma ba kowanne ne yake buɗewa ba tare da ya fashe ba. Idan ya buɗe, a lura da ƙullin da aka yi wa wayar a ciki, a maimaita shi bayan an yanke, a kuma yi saurin liƙi a kan lasifikar domin ita ma ba ta jure zafi.

Hedifon da wayarsa take cirewa daga kunne ba ya buƙatar duk wannan, sabuwar waya kawai za a saya a jona. Iyafis masu kan USB-C ko Lightning, waɗanda suka yawaita tun bayan da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, galibi suna da ɗan ƙaramin allon lantarki a cikin kan wanda yake sarrafa sautin, saboda haka ba a sauya musu kai da sauƙi. Idan a gindin kan suka tsinke kuma kunnuwan masu kyau ne, ana iya yanke kan a sa fulogi mai milimita 3.5 kamar yadda aka bayyana, sannan a riƙa jona shi a salular ta hanyar adafta.