Kurakuran da ke kashe tsohuwar kwamfuta a Yamai, da yadda ake gyara su

Yawancin kwamfutocin da ke aiki a shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshin Yamai waɗanda aka riga aka yi amfani da su ne: Dell OptiPlex, HP Compaq, tsofaffin Lenovo da suka gama hidima a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Injina ne masu ƙwari. Ƙura da zafi da wutar lantarki ne ke cin su, sai kuma gaggawar mai gyara, wadda sau da yawa ta fi duka ɓarna.

Wani kuskuren tun ranar da aka kawo injin ake yin sa. A bayan wasu tsofaffin kwamfutocin teburi, kusa da inda ake soka wayar wuta, akwai ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutar Amurka 120 ce, tamu 220. In aka soka yana kan 115, sai ƙara da warin ƙuna, akwatin wutar ya tafi. Duba shi kafin ka soka, ka tura shi zuwa 230. Ga kwamfutar hannu kuma, kada ka ari caja don kawai bakinta ya shiga. Karanta lambar da ke ƙarƙashin injin: galibin Dell bolt 19.5 suke ci, Lenovo 20.

Mutane da yawa suna haɗa regilatar da ondilar, alhali aikinsu daban ne. Regilatar daidaita wuta yake yi in ta hau ko ta sauka, amma da an ɗauke wuta shi ma ya mutu. Ondilar ne ke da batir, galibi mai bolt 12, wanda zai ba ka ƴan mintoci ka adana aikinka ka kashe injin yadda ya kamata. Batirin nan ba ya jimre zafin garinmu. In ondilar ya fara mutuwa tare da ɗaukewar wuta, batir za a canza, ba sai an sayi sabo ba. Kada a jona masa firinta mai lesa, tana jan wutar da ta fi ƙarfinsa. Da damina kuwa, in hadari ya haɗu, a zare waya daga bango gaba ɗaya.

Sai ƙura, uwar matsaloli. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika injin da ƙura, ta toshe ƙarfen da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Afrilu da Mayu suna zuwa da zafin da ke wuce digiri 40, fanka ta riƙa kuka, injin ya yi aikin minti ashirin ya kashe kansa. Wannan kashe kan kariya ce, don furosesa ya kusa digiri 100, amma sai ka ji an ce bairos ne. Ajiye akwatin a ƙasa yana ƙara masa shan ƙura. A ɗora shi kan teburi, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Lulluɓe shi da zane yana da kyau in a kashe yake. In yana aiki, shaƙe shi aka yi.

Wajen sharewa, zare wuta, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wutar ta fita, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki. Fita da shi waje, hura da injin hura iska, ka riƙe fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima ta lalace. Ban da hurawa da baki, ban da jiƙaƙƙen tsumma. In ka cire ƙarfen sanyi, dole a sake man da ke tsakaninsa da furosesa: goge tsohon da alkol 90 na kantin magani, ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa a tsakiya, mayar da ƙarfen ka ɗaure kusoshin a gicciye. Wasu suna laftawa kamar man shanu a burodi, wasu ma man goge haƙori suke sawa, wanda ke bushewa cikin kwanaki. Duk biyun kuskure ne.

Injin ya kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, wani lokaci da ƙarar bip-bip? Kafin a yanke hukunci cewa kart mer, babban faifan da komai ke haɗe a kansa, ta ƙone, a ciro sandunan RAM, ma'ajiyar aikin da injin ke yi a lokacin, a goge haƙoransu masu ruwan zinari da magogin fensir, a mayar da ɗaya ɗaya har maƙallan gefe biyu su kama. Mai son ƙara RAM ya lura: tsagar DDR2 da ta DDR3 ba wuri ɗaya suke ba, tilasta su karya ramin yake yi. Kuma Windows mai bit 32 ba ya ganin abin da ya wuce giga uku da ɗan wani abu, ko ka sa masa takwas.

In kwanan wata yana komawa shekarun baya, injin na neman a danna F1, shafukan intanet na ƙin buɗewa da gargaɗin tsaro, ɗan batir ne mai kama da kwabo a kan kart mer ya ƙare. Sunansa CR2032, bolt 3. Canza shi, shiga BIOS, shafin saitin injin, lokacin kunnawa da F2 a Dell ko F10 a HP, gyara kwanan wata.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne formate, wato goge diski a sake ɗora Windows. Injin ya yi nauyi, formate. Ya ƙi tashi, formate. Takardun shekaru biyar na bawan Allah su tafi, matsalar kuma tana nan. In diski yana ƙas-ƙas, mutuwa ya kusa yi: a kwashe takardu nan take, kada a ɗora masa sabon Windows. A maye gurbinsa da SSD, diski mai sauri, mai bakin SATA. Babu gyaran da ke dawo wa tsohon inji da kuzari kamarsa. Haka kile USB da ta dawo daga shagon buga takardu fayilolinta sun zama rakursi, wato alamu masu ɗan kibiya: ba a goge su ba, ɓoye su aka yi. Kada ka buɗe rakursin. Duba kilen da maganin bairos, buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sa harafin kilenka a madadin E, sai su bayyana. Maganin bairos ɗaya ya isa. Biyu faɗa suke yi da juna, injin ya tsaya cik.

In ka danna A sai Q ya fito, madannan ba su lalace ba. An sauya daga AZERTY na Faransanci zuwa QWERTY ne. Danna Alt da Shift tare.

Microsoft ya daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma Oktoban 2025. Tsohon injin da ke kan ɗayansu zai ci gaba da buga takardu lafiya, amma kada a shiga asusun banki da shi. Wanda ke buƙatar intanet kullum a inji mai RAM giga 2 zuwa 4, a sa masa Lubuntu, tsari mara nauyi da ke maye gurbin Windows. Kyauta ne, kuma ana iya gwada shi daga kile kafin a taɓa diski.