Yadda ake amfani da sipirit a shagon aski da gida ba tare da an cutu ba

Shekara tara kenan ina aski a Jekadafari, nan cikin Gombe, kuma abin da na lura shi ne kusan kowa na taɓa sipirit amma ba kowa ya san mene ne a cikin kwalbar ba. Asalinsa itanol ne, wato sinadarin nan da ke sa maye a cikin giya, sai kamfani ya zuba masa wani abu da gangan don kada a sha. Yawanci mitanol ake zubawa, wanda guba ne, wasu kuma su ƙara wani sinadari mai bala'in ɗaci, a Ingila har launin shunayya suke sa masa don a gane shi daga nesa. Akwai kuma wani daban da ake kira aisofurofil, shi ma ana goge fata da kaya da shi, shi ma ba a sha.

Toh fara daga wajen saye. Ka je kemis, ka ɗauki kwalba mai murfi a liƙe, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da kuma kason da aka rubuta a jiki, wato kashi nawa cikin ɗari ne itanol ɗin. Wanda ake ɗurawa a gorar ruwa babu takarda babu komai, dan Allah ka bar musu abinsu, ba ka san nawa ne mitanol a ciki ba, kuma da ka ajiye shi yaro zai ɗauka ruwa ne.

Sai maganar ƙarfi. Mutane na ganin wanda ya fi ƙarfi ya fi kashe ƙwayar cuta, ni ma haka na ɗauka da, ashe kashi 70 ya fi aiki a kan kashi 95, saboda mai ƙarfin yana bushewa nan take kafin ya gama aikinsa, ruwan da ke cikin na 70 ɗin shi ke taimaka masa ya ratsa ƙwayar cutar. Idan na 95 ka samu, ka auna murfi uku na sipirit da murfi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, ka zuba a kwalba mai tsabta ka rubuta suna a jiki. In dama 70 ne kada ka ƙara masa komai.

Wajen goge kilifa, ka cire ta daga wuta tukuna, ka sa burushi ka kakkaɓe gashi da datti sarai, don sipirit ba ya ratsa ƙazanta. Sai ka jiƙa auduga sharkaf ka goge bakin, ka bar shi a jiƙe kamar minti ɗaya ya bushe da kansa, kar ka hura kar ka goge da tsumma, daga nan ka ɗiga mata mai. Reza kuwa babu wata dabara, sabuwa ga kowane kai, ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi kuma ɗan shafa sipirit ba abin dogaro ba ne a kan rezar da ta yanki wani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wannan al'adar tamu ta zuba sipirit a kilifa a ƙyasta masa wuta don kwastoma ya gani hankalinsa ya kwanta. Wallahi na daina. Wutar sipirit shuɗiya ce, da rana ba a ganinta sosai, wata ran ina tsaye wani yarona ya ƙara tsiyayawa daga kwalba yana zaton ta mutu, wutar ta biyo ta kama masa hannu, sai da ya yi sati biyu bai riƙe kilifa ba. Kuma wutar 'yan daƙiƙu ba ta ba sipirit ɗin lokacin yin aiki, ƙone shi kawai ka yi. Kwalbar ma a ajiye ta a inuwa nesa da janareta da risho da mai shan taba, kuma kar a kuskura a haɗa shi da Hypo ko Jik, tururin da ke tashi yana cutar da ƙirji.

A gida kuma, lafiyayyar fata ake shafawa, kamar kafin allura. Ciwo a buɗe ko ƙuna ruwa mai tsabta da sabulu ya fi, sipirit raɗaɗi zai ƙara ya kuma ɓata naman da ke son haɗewa. Yaro mai zazzaɓi ba a shafe masa jiki da shi. Cibiyar jariri ma yanzu asibiti man kulohezidin suke bayarwa, iyaye mata a tambayi ungozoma.

In tsautsayi ya sa wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jira a gani. Mugun halin mitanol kenan, mutum zai iya yin awa 12 zuwa 24 kamar lafiya lau, alhali hanta na mayar da shi wani asid da ke cin jijiyar ido, kamar cokali biyu na shayi na tsantsarsa na iya makantar da babba. A 2015 mutane da dama sun rasu a jihohin Ondo da Ribas saboda ogogoro mai mitanol. Ku ɗauke shi nan take zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibiti mafi kusa, ku tafi da kwalbar a hannu, ku faɗa wa likita ƙarfe nawa ya sha da kuma yawan abin da ya ragu a ciki.