Yadda za ka gyara rikicin input() tsakanin Python 2 da Python 3

Ka kwafo ɗan shiri daga wani tsohon darasi, ya tambaye ka suna, ka rubuta Audu, sai allo ya watso maka NameError: name 'Audu' is not defined. Kada ka yi saurin zargin kanka, wataƙila Python ɗin ce ba wadda kake zato ba.

Da farko, gano wacce ke aiki. Buɗe tagar umarni ka rubuta python --version, sannan python3 --version, domin kwamfuta ɗaya kan ɗauki biyun. In kana son tabbaci, sa import sys da print(sys.version) a saman fayil ɗin.

Na biyu, karanta saƙon da kyau. A Python 2, input(), wato abin da ke karɓar rubutu daga mai amfani da shirin, duk abin da aka rubuta masa umarni yake ɗaukarsa, ya nemi aiwatarwa. Shi ya sa ya tafi neman wani abu mai suna Audu a cikin shirin, bai samu ba. Ɓarnar da ta fi ban haushi ita ce wadda ba ta nuna saƙon kuskure: rubuta 010 ya ba ka 8, domin sifilin farko na sa ya ƙirga da tushen takwas. Lambar waya mai farawa da 080 kuwa, SyntaxError za ta jawo. Maganin nan shi ne ka sa raw_input() a madadin input(), domin shi yana karɓar abin da aka rubuta a matsayin rubutu kawai. Idan kuma saƙon cewa ya yi bai san raw_input ba, to kana kan Python 3 ne, wadda ta fito a Disamban 2008 ta miƙa aikinsa ga input(). Sauya sunan kawai.

Na uku, lissafi. A Python 3 duk abin da input() ya dawo da shi rubutu ne, sai ka haɗa 5 da 3 ka ga 53. Don mayar da rubutun lamba, rubuta int(input()), ko float(input()) in lambar na da ɗigo, ka kewaye shi da try da except ValueError, masu tare kuskure kada shirin ya tsaya, saboda mai rubuta "biyar" da haruffa. Lambar waya dai bar ta a rubutu, int zai haɗiye sifilin gaba. Wasu kan ce a sa eval, mai aiwatar da rubutu a matsayin umarni, don a dawo da tsohon halin Python 2. Ni ban yarda ba, miƙa wa baƙo makullin ɗaki ne.

In ba dole ba, koma Python 3 gaba ɗaya, tunda an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020. Bayan ka koma, sake duba rabawa: 7/2 da ke ba da 3 a da, yanzu 3.5 ne, sai ka rubuta 7//2 in tsohon sakamakon kake so.