Yadda ake tsara rabon ƙafafun cif a Device Tree don allon da ka ƙera

A cif irin su i.MX6 na NXP, AM335x na TI ko STM32MP1 na ST, ƙafa ɗaya tana iya yin aiki iri-iri: UART, I2C ko SPI, hanyoyin da cif ke musayar bayanai da wasu na'urori, ko GPIO, ƙafar shiga da fita ta gama-gari. A AM335x kowace ƙafa tana da matsayi 8, daga 0 zuwa 7, kuma na 7 shi ne GPIO. Linux ba ya sanin wanda ka zaɓa sai ka faɗa masa a Device Tree, wato bishiyar na'urori, kuma sashen pinctrl, wanda ya shiga kenel, wato zuciyar Linux, tun sigar 3.2, shi ke aiwatar da abin da ka rubuta. Dokar aikin ɗaya ce: kowace ƙafa mai ita ɗaya, a rubuce a wuri ɗaya.

Fara da jadawali

Kafin ka buɗe fayil, ɗauko zanen da'irar allonka da littafin bayanin cif ɗin, ka jera kowace ƙafa a layinta: sunanta a cif, sunan wayar a zane, aikin da aka ba ta, lambar matsayin, ƙarfin wutar rukuninta, 1.8 ko 3.3 bolt, da ko akwai resista a waje mai janta sama ko ƙasa. Ka yi wa ƙafafun da cif ke karantawa lokacin kunnawa alama, domin da su yake zaɓar inda zai tashi. Idan wata na'ura ta ja ɗaya daga cikinsu a wannan lokaci, allon ba zai tashi ba, kuma babu abin da Device Tree zai iya gyarawa. Manhajojin STM32CubeMX na ST da SysConfig na TI suna nuna karo tsakanin ƙafafu, sai dai abin da suke fitarwa yana buƙatar gyara kafin ya shiga fayil.

Raba fayiloli hawa uku

Fayil ɗin cif, kamar imx6ul.dtsi, ba naka ba ne, kada ka taɓa shi. A ciki yawancin na'urori suna nan da status = "disabled". Idan kana amfani da ƙaramin allo mai ɗauke da cif da ma'adana, ba shi nasa .dtsi, ka zuba ƙafafun da ba sa fita daga cikinsa, kamar na eMMC da na cif mai rarraba wuta. Sauran duka su tafi .dts na babban allo. Tun daga Linux 6.5 fayilolin ARM mai bit 32 suna cikin jakunkunan kamfanoni, misali arch/arm/boot/dts/nxp/imx.

Da yawa sukan kwafi fayil ɗin allon gwaji na kamfani su riƙa gogewa. Wannan hanya ce ta gadar rigima, don rukunan saitin ƙafafu da ba ka lura da su ba suna nan suna riƙe da ƙafafu. Gara ka fara da fayil wanda babu komai a ciki sai UART na saƙonni, ka riƙa ƙara na'ura ɗaya-ɗaya.

Rukuni ɗaya ga na'ura ɗaya

Ga misalin I2C a i.MX6UL:

```
&iomuxc {
    pinctrl_i2c1: i2c1grp {
        fsl,pins = <
            MX6UL_PAD_UART4_TX_DATA__I2C1_SCL 0x4001b8b0
            MX6UL_PAD_UART4_RX_DATA__I2C1_SDA 0x4001b8b0
        >;
    };
};

&i2c1 {
    pinctrl-names = "default";
    pinctrl-0 = <&pinctrl_i2c1>;
    status = "okay";
};
```

Rubuta rukuni kaɗai ba ya canza komai a cif. Sai wata na'ura da ke kunne ta kira shi ta pinctrl-0, sannan kenel ya saita ƙafafun dab da lokacin da direbanta, wato manhajar da ke sarrafa ta, zai fara aiki. Idan direban ba ya cikin kenel ɗin da ka haɗa, ƙafafun suna nan yadda suke.

Lura da sunan: abin da ke gaban layuka biyun nan na ƙasa (__) sunan ƙafar ne, abin da ke bayansu shi ne aikin. Ƙafar sunanta UART4 amma I2C take yi. Lambar da ke biye ita ce inda aka fi yin kuskure, don mutane kan kwafe ta ba tare da sun karanta ba. Tsakanin 0x1b0b0 da 0x1b8b0 bit na 11 ne kaɗai ya bambanta, kuma shi ke sa ƙafa ta riƙa ja ƙasa kawai ba ta tura wuta sama, abin da I2C ke buƙata ke nan. Ita kuma 0x40000000, bit na 30, ana kiranta SION: tana buɗe hanyar shiga domin cif ya ji abin da ke kan wayar ko da shi ke tura ta. Idan babu ita, I2C kan yi shiru ko ya riƙa ƙarewar lokaci. Kuma kada ka dogara da resistar cikin cif, mai ƙarfin 22k, 47k ko 100k. I2C yana son ta waje, galibi 4.7k ko 2.2k.

AM335x yana da irin wannan tarko. Ƙafar agogon SPI da ta MMC fita suke yi, amma dole a rubuta su da PIN_INPUT, domin cif ɗin yana sake karanta agogon daga ƙafar don ya kama bayanan da ke shigowa. STM32MP1 ya fi sauƙin karantawa, tunda kalmomi yake amfani da su: STM32_PINMUX('G', 11, AF6) don UART4_TX, sai bias-disable, drive-push-pull da slew-rate a ƙasa. A can ana raba ƙafafun fita da na shiga zuwa pins1 da pins2 saboda saitinsu ya bambanta.

Sunan rukuni ma yana da ƙa'ida. Na i.MX ya ƙare da grp, na TI ya ƙare da -pins, in ba haka ba make dtbs_check zai yi ƙorafi. Ka jera rukunan bisa haruffa, kuma gefen kowace ƙafar GPIO ka rubuta sunan wayar kamar yadda yake a zane.

Yanayi fiye da ɗaya

Jerin pinctrl-names yana bin lamba: na farko pinctrl-0, na biyu pinctrl-1. Yanayin "sleep" yana sakin ƙafafu lokacin barci don kada wuta ta riƙa zurarewa. Katin SD a i.MX yana da "state_100mhz" da "state_200mhz", ƙafafu iri ɗaya amma da ƙarin sauri da ƙarfin turawa: 0x17059, 0x170b9, 0x170f9. A I2C kuma yanayin "gpio" tare da scl-gpios da sda-gpios yana ba direba damar buga agogo sau 9 don kuɓutar da layin idan wata na'ura ta riƙe SDA, wayar bayanai, a ƙasa.

GPIO ma tana buƙatar rukuni. Ƙafar da ke sake tayar da cif ɗin Ethernet ta shiga rukunin Ethernet, ta fitila ta shiga na gpio-leds. Akwai rukunin da ake kira hog, wanda ake ɗora wa iomuxc kansa, sashen i.MX mai raba ƙafafu. A bar shi ga ƙafafun da da gaske ba su da direba, kada ya zama juji.

Idan allonka yana da sigogi biyu, ka tuna cewa sake rubuta fsl,pins a wani fayil yana maye gurbin jerin gaba ɗaya, ba ƙari yake yi ba. Ƙafa ɗaya za ka canza, amma sai ka maimaita duka. Mafi tsafta a cire ƙafar mai canzawa zuwa rukuninta, tunda pinctrl-0 yana karɓar rukuni fiye da ɗaya.

Duba abin da ya shiga cif

Bayan allo ya tashi, fara da dmesg | grep -i pin. Saƙon da ke ɗauke da "already requested by" yana nufin na'urori biyu sun nemi ƙafa ɗaya. Wadda ta riga ta samu, ta biyun direbanta ba zai tashi ba. Sannan buɗe /sys/kernel/debug/pinctrl, ka karanta pinmux-pins don ganin mai kowace ƙafa, da pinconf-pins don saitinta, ka gwada su da jadawalinka layi-layi. Idan gyaranka bai bayyana ba, umarnin dtc -I fs -O dts /sys/firmware/devicetree/base zai nuna bishiyar da kenel ya karɓa. Sau da yawa tsohon fayil ɗin .dtb, wato bishiyar da aka harhaɗa, shi U-Boot, manhajar da ke tayar da Linux, yake lodawa.

U-Boot yana da wata illar kuma. Yakan saita ƙafafun UART, SD da Ethernet kafin Linux ya tashi, sai na'ura ta yi aiki alhali ba ta da rukuni a fayil ɗinka. Ranar da aka canza U-Boot ko hanyar tashi, sai ta mutu. Duk ƙafar da ke aiki amma pinmux-pins ya nuna ta a matsayin MUX UNCLAIMED, ko UNCLAIMED kawai, koma ka rubuta mata rukuni, ka ɗaura shi a na'urarta.