Kurakuran da sabon yaron awon shinkafa ke yi a kakarsa ta farko

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, ga manyan injinan casa irin na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 da kuma na Labana, sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ya zama aikin farko na samari da yawa a jihar nan ta Kebbi. Yaro ya gama sakandare ko difloma, wani Alhaji ya ɗauke shi, ya damƙa masa sikeli da littafi da buhuna, ya tura shi Suru ko Bunza ko Augie ko Yauri ya riƙa saye yana tarawa a sito. Kowace kaka sai an sallami wasu daga cikinsu da sunan cin amana, alhali da yawansu ko ƙwandala ba su ɗauka ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kurakuran ba sa canzawa, na bara su ne na bana.

Mafi tsada a cikinsu shi ne sayen ruwa da kuɗin shinkafa. Ana yanke shinkafa tana da danshi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Wadda za a ajiye a sito ko a kai kamfani kuwa, ana son ta sauko zuwa kashi 14 ko ƙasa da haka. Ɗauki biro ka lissafa da kanka. Kilo 100 mai danshi 20, in ta bushe ta koma 14, kilo 93 za ta rage. A lodin tirela mai tan 30, sama da tan biyu ke nan sun bi iska. Ba ɓarawo, ba ɓera, amma ranar da aka sake ɗora kayan a sikelin kamfani aka ga gibi, kai za a juyo a kalla. Kuma raguwar nauyi ita ce mai sauƙin. Ɗanyar shanshera in ta kwana biyu a ɗinke cikin buhu sai ta ɗauki zafi, ƙwayar ta koma rawaya, ta fara warin fumfuna. Irin wannan ko an shanya ta daga baya launinta ba ya dawowa, mai casa zai ƙi ta ko ya karya mata farashi yadda ya ga dama.

Kada ka taɓa yarda da bakin buhu. Abin da ke sama shi ya fi shan iska, wani lokaci kuma da gangan ake rufe ɗanya da busasshiya. Ka zira ƙarfen ɗiban samfur a wuri uku, sama da tsakiya da gindi, ka gauraya a tafin hannu sannan ka zuba a mitar auna danshi. Ni ba na amincewa da awo ɗaya, sau uku nake so a yi a ɗauki na tsakiya. Kada kuma ka auna wadda aka kwaso yanzu daga kan tamfol da tsakar rana: bayanta ya bushe, cikinta da saura, mita za ta nuna maka lamba mai daɗi, gobe da safe ka sake aunawa ka ga ta hau. Bar ta ta huce a inuwa tukuna. In babu mita, murje 'yan ƙwayoyi ka ciza. Busasshiya tana karyewa ƙas, ɗanya tana lotsewa a haƙori. Cusa hannu cikin buhun har gwiwar hannu, in ka ji ɗumi to ta kwana da ruwanta. Sai dai haƙori yana raba 20 da 14 ne kawai, ba ya raba 16 da 14, don haka ka matsa wa maigida ya saya maka mita tun kafin ka tafi ƙauye.

Yawancin yaran nan sun san duk wannan. Kunya ce ke kashe su. Dattijo sa'an mahaifinka ya zo da buhu goma a amalanke, ya ce, "Yaro, ta bushe ƙarau, kwana uku tana rana." Sai yaro ya sunkuyar da kai, ya ɗora a sikeli, ya biya. Haba ƙanena! Kuɗin ba naka ba ne, da wane dalili za ka yi kara da su? Akwai yadda ake faɗa ba tare da an ci fuskar kowa ba: "Baba, a yi mini haƙuri, ƙa'idar maigida ce, kowane buhu sai an zira, ko na wane ne." Ka juya masa mitar ya ga lambar da idonsa. Daga nan zaɓi biyu ne, ko ya sake shanyawa ya dawo, ko a cire nauyin ruwan. Ka rubuta lissafin a kwali ka liƙa kusa da sikeli inda kowa zai gani: a kowane kilo 100, danshi 16 a cire kilo biyu da ɗan ɗori, 18 a cire kusan biyar, 20 a cire bakwai. Kada kuma ka wuce haka don ka burge maigida. Wannan tauye awo ne, kuma manomin da ka zalunta a bana shi zai hana 'yan ƙauyensu kawo maka a baɗi. Ka ninka kula a kakar noman rani, musamman wadda ta makara har ta haɗu da ruwan farko a Mayu da Yuni, lokacin da kowa ke gaggawar kwashe kayansa daga fadama.

In ta kama ka shanya da kanka, a kan tamfol ko daɓen siminti, kauri kamar yatsa biyu, ana juyawa duk rabin awa. Shinkafar da ta bushe ta sake shan raɓa ko yayyafi tsagewa take yi a ciki, a wurin casa ta fito duk gutsattsari, saboda haka a tattara a rufe kafin magariba.

Datti ma nauyi ne. Auna kilo ɗaya cif, sheƙe shi a faifai, tsince tsakuwa da ƙasa, sake aunawa. In giram 950 ya rage, kashi 5 cikin ɗari na abin da za ka biya ƙaiƙayi ne da yashi.

Kuskure na biyu da ke kai yaro gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda shi ne wasa da rubutu. Ga yadda yake faruwa kullum. Layin manoma ya yi tsawo, rana ta take, yaro ya ce bari in riƙe a ka, in an natsa na rubuta. Ya biya mutum shida. Aka kira salla. Bayan la'asar ya zauna da littafi, yana tuna biyar, na shidan ya ɓace, kuma bai tabbata ko mai buhu huɗu ne ya karɓi cikon kuɗinsa ko mai buhu bakwai ba. A cikin wannan rana ya sayi katin waya da abincin 'yan dako daga aljihun da kuɗin saye suke, wani ɗan ajinsu kuma ya ranci dubu biyar zai kawo gobe. Mako uku a haka, sai maigida ya zo lissafi. Me za ka ce masa? Ba ka sata ba, gaskiya ne, to ina shaidarka? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kai kuma kana riƙe da miliyoyin wani kana dogaro da ƙwaƙwalwa.

Ƙa'idata ita ce biro kafin kuɗi. Kwanan wata, sunan mai kaya da ƙauyensu, yawan buhu, kilo, danshi, abin da aka cire, farashi, jimla, sannan ya sa hannu ko ya dangwala. Sai an cika layin nan hannunka zai shiga jaka. Rasit mai kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya naka. Kuɗin saye jakarsu daban, kuɗin dako da mai da abinci ambulan ɗinsu daban da shafinsu daban, naka na kanka kuma kada su kwana wuri ɗaya da waɗannan. Kowane dare kafin ka kwanta ka haɗa lissafi, abin da ka karɓa, abin da ka kashe, abin da ya rage a hannu, ka ɗauki hoton shafin ka tura wa maigida ta WhatsApp ko bai tambaya ba. Wasu na ganin wannan zaƙewa ce. Ni na fi son a ce yaro ya cika turo hoto da a ce ya cika rantsuwa. Kuɗin kafin alƙalami ga manomi kuwa, kada ka bayar da ra'ayin kanka ko da ɗan'uwanka ne, sai da izinin maigida a rubuce ko a saƙon murya da za ka adana. In kai ne ke sayarwa, saƙon alat ba kuɗi ba ne, buɗe asusun ka ga sun zauna kafin mota ta tashi.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Sikeli ya zauna a daɓen da ya miƙe, ya koma sifili kafin kowane awo, kuma kowace safiya ka gwada shi da wani abu da ka san nauyinsa. Batir in ya yi sanyi lambobi rawa suke yi. Auna buhu goma marasa komai ka san nauyin ɗaya, ka riƙa cirewa. Kada ka haɗa Faro 44 da wani iri a buhu ɗaya don cike gibi, tsawon ƙwayarsu ba ɗaya ba ne, injin zai karya wata ya bar wata da ɓawo. Buhu ba ya zama a ƙasa, a kan katako ake jera shi, da tazarar da mutum zai ratsa tsakaninsa da bango, wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Lokacin lodi ka tsaya a bakin mota da kanka, kowane ɗan dako ya wuce da buhu ya miƙa maka tsinke ɗaya, a ƙarshe ku ƙirga tare da direba ya sa hannu.

Ƙwayar maganin ƙwari ta fostoksin da ake sakawa a sito ba abin wasa ba ce. Da ta sha iska mai danshi take sakin guba, kuma gubar tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Sabbin yara da yawa a sito suke kwana don gadi ko don rashin masauki. In an sa magani, ba a kwana a ciki, ba a kwana a ɗakin da ya haɗa bango da shi, ba a taɓa ƙwayar da hannu tsirara, kuma ba a shiga sai an buɗe ƙofofi iska ta ratsa sosai.

Akwai kuma maganar da ya kamata a yi tun ranar farko, wadda kunya ke hana yi: albashi ne na wata ko la'ada a kan kowane buhu, wa ke biyan kuɗin mota da abinci, kuma gibin kilo nawa a tan maigida zai ɗauka a matsayin raguwar hanya kafin a ce kai za ka biya. Ka je da wanda ya kawo ka aikin, ko yayanka ko kawunka, a yi maganar a gabansa, a rubuta a shafin farko na littafin, kowa ya sa hannu.